Minti biyu na farkon fim ɗinmu: ina muka dace, ina muka kwafsa?

Nasiru Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga aikin nan da na dame ku da labarinsa tun watan jiya, daren jiya wajen ƙarfe biyu muka gama tace shi. Malaminmu na darasin shirya fim ya raba mu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar, ya ce kowane rukuni ya yi mabuɗin fim ɗin ɗar-ɗar, kada ya wuce minti biyu da rabi. Farkon kawai, zuwa inda sunan fim zai fito. Bayan haka kowa zai rubuta shafi uku ya bayyana inda muka bi al'adun irin wannan fim da inda muka saɓa musu da gangan.

Ga waɗanda datarsu ba za ta buɗe bidiyon ba, ga yadda yake. Allo baƙi ƙirin, ana jin bugun zuciya, sunayenmu suna fitowa da jan rubutu. Sai dare, ana ruwan sama, wata yarinya da hijabi tana sauri cikin lungu a tsohon gari, can bayan Tsohuwar Kasuwa. Wani mutum da baƙar riga mai hula yana biye da ita, ba a ganin fuskarsa, sai wuƙa tana ƙyalli a hannunsa. Duk inda aka nuno shi mun karkata kyamara. Ta shiga zauren wani gida ta yi sallama, shiru. Ta sake, shiru. Ga takalman mutum uku a bakin ƙofar shiga tsakar gida, rediyo na ta magana a ciki. Janaretan maƙwabta ya mutu. Sai mussa ta diro daga katanga, yarinyar ta zabura, ta yi ajiyar zuciya, sai hannu ya rufe mata baki ta baya. Suna ya fito. Minti biyu da daƙiƙa 18.

Da waya muka ɗauka, da fitilar caji biyu. Sai Litinin ta sama za mu miƙa, akwai sauran damar gyara. Don Allah kada a ji nauyina.

Bashar Kabu-kabu:
Wa alaikumus salam darakta. Ni tambayata guda ta: ruwan saman ga daga wace ƙasa kunka yo odar shi? Yarinya leɓe duk ya tsattsage don hunturu, ga safa ga ƙahwa, kuma wai ruwa akai. Sakkwato. Watan Janairu.

Nasiru Mabera:
Kai Bashar ba ka da kirki wallahi. Ƙanena ne a kan katanga da gwangwanin da muka huhhuda. Jarka shida muka saya wajen 'yan garuwa.

Bashar Kabu-kabu:
Shi ya sa ruwan ke bin ta ita kaɗai, katangar da ag gaba gare ta ko ɗigo babu. Na ɗauka cikin labarin na, aljani mai ruwa.

Hajara Runjin Sambo:
Ku bar dariya, Bashar ya taɓo asalin matsalar ko da wasa yake. Nasiru, na yi wannan darasin shekara biyu da suka wuce, kuma irin kuskuren da muka yi ke nan. Mun zauna mun rubuta jerin abubuwan da muke gani a finafinan Amurka: ruwan sama, duhu, wuƙa, mutum mai ɓoyayyar fuska, bugun zuciya, jan rubutu. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai cefane. Da aka haska a aji, ba wanda gabansa ya faɗi, sai dariya.

Ka tambayi kanka, mene ne aikin ruwan sama a finafinansu? Yana rage nisan da ido ke gani, yana korar mutane daga titi, yana rufe ƙarar sawun mai bin ka. To mu nan me ke yin wannan aikin a watan Janairu? Hazo. Akwai ranakun da ba ka hango ƙarshen layinku, har jirgi kan kasa sauka. Allah ya ba ku shi kyauta kuka bar shi, kuka je sayen jarka shida. Zanen aro ba ya rufe katara.

Amma fa daga inda ta shiga zaure, wani fim ne daban. Sallamar nan ta biyu da ba a amsa ba, sai da tsigar jikina ta tashi.

Kabiru K.K.:
Ni ne mai baƙar rigar, kuma ni na rubuta rabin labarin, bari in kare kaina. Anti Hajara, umarnin aikin cewa ya yi a nuna an san al'adun fim ɗin ɗar-ɗar. Maki ake nema. Idan Malam ya kalla bai ga duhu ba, bai ga makami ba, bai ga mugu ba, da me zai gane mun fahimci darasin? Mai kallo ma haka. Cikin daƙiƙa goma na farko ya kamata ya san ba fim ɗin soyayya ya kunna ba. Wuƙar nan da kuke rainawa ita ke gaya masa.

Hajara Runjin Sambo:
Ban ce a zubar da al'ada ba ƙanena. Ka duba takardar da ake raba muku, in dai ba a canza ta ba akwai maganar masanin fim Steve Neale a ciki, mai cewa kowane nau'in fim yana rayuwa ne a kan maimaici da bambanci. Ku kun kawo maimaicin, ina bambancin? Kuma aikin ya nemi ku bayyana inda kuka saɓa da gangan, Nasiru da kansa ya faɗa a sama.

Baba Ummaru Mai Kyamara:
Salamu alaikum. Nasiru ɗana, na kalli aikinku har sau ukku, Allah shi yi albarka. Mu lokacin da munka koyi aikin ga gidan talabijin, mutum biyu ka ɗaukar kaya, guda da kyamara, guda da rikoda rataye ga kahwaɗa, waya ta haɗa su kamar raƙumi da akala. Ku ko ga ta cikin aljihu. Ba ku da uzuri.

Abin da nig gani shi na, kun haɗa abu biyu wuri guda kuna zaton abu guda na. Akwai firgita, akwai zullumi. Wani Bature ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, wanda duk mai wagga sana'a ya san shi, ya bayyana bambancin ga cikin hirar da wani ɗan Faransa, François Truffaut, yay yi da shi 1962. Misalin da yab bayar shi na: mutum biyu zaune ga tebur suna hira ta banza, sai bam ya tashi ƙarƙashin tebur. Mai kallo ya firgita, daƙiƙa goma sha biyar, shi ke nan. To a sake. A nuna ma mai kallo an aje bam ɗin, a nuna mashi ƙarhe ɗaya za shi tashi, ga agogo ga bango saura kwata. Hirar banzan ga ita dai ta, ba a canza ko kalma ba, amma yanzu mai kallo ji shikai kamar shi shiga allo shi ce musu ku tashi. Minti goma sha biyar ke nan na zullumi.

Mussar da kunka jeho daga katanga, firgita ta. Hannun da yar ruhe mata baki, firgita ta. Takalman ga ukku bakin ƙohwa da ba a amsa sallama ba, wanga shi na zullumi, don duk ɗan Hausa ya san in ga takalma ga rediyo, akwai mutane ciki, kuma mutanen da ag gida ba su ƙin amsa sallama sai da dalili. Ba ku hwaɗi komi ba, mai kallo da kai nai yat tambayi kai nai: mi as same su? Nan kunka yi fim. Kuma daƙiƙa nawa kunka ba shi? Na ƙirga, tara. Mussa da tsalle-tsallenta ta ci goma sha huɗu.

Nasiru Mabera:
Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Gaskiya takalman ma ba a cikin rubutunmu suke ba. Na mutanen gidan ne, mun roƙe su su yi shiru minti biyar, muka manta ba mu kwashe takalman ba. Sai wajen tacewa na ga sun yi kyau.

Baba Ummaru Mai Kyamara:
To kada ka rubuta ma Malaminku hakanan. Ka ce da gangan na.

Anti Luba Marubuciya:
Baba Ummaru ya gama magana, sai dai ina so in ƙara cewa wannan bam na ƙarƙashin tebur ba sai mun je Ingila ba. Kakata tana mana wata tatsuniya ta yarinyar da uwarta ta ɓoye a ɗaki a daji, in ta kawo mata abinci sai ta yi wata waƙa, yarinya ta ji muryar uwarta ta buɗe. Kura ta laɓe ta haddace waƙar. Ta zo ta rera da ƙatuwar muryarta, yarinya ta ce wannan ba innata ba ce. Kura ta tafi wajen maƙeri aka gyara mata murya ta zama siririya. To lokacin da kura ta dawo ta fara waƙar nan da muryar uwar, mu da ke zaune gaban kaka mun san kura ce, yarinya ba ta sani ba. Har rufe ido muke muna cewa kada ki buɗe. Ba wuƙa, ba jini, ba kiɗa. Mun riga ta sani, shi ke nan dabarar.

Ni abin da ya fi damuna a bidiyonku daban ne. Wace ce yarinyar nan? Me ya fito da ita da dare ita kaɗai cikin ruwa? Ban san sunanta ba, ban san inda za ta ba, ban san abin da take so ba. Yaya za a yi in ji tsoro dominta? Mu masu rubutun littafi a waya mun san wannan, in mai karatu bai damu da tauraruwa a shafin farko ba, ko kashe ta ka yi a shafi na biyu sai ya wuce abinsa.

Ku ba ta kwanon tuwo a hannu. Bayan magariba an aike ta kai wa kakarta abinci, abin da kowace yarinya a garin nan ta taɓa yi. Daƙiƙa goma sun isa: murya daga cikin gida tana cewa ki yi sauri ki dawo kafin isha'i, kuma kada ki tsaya ko'ina. Kun samu dalilin fitarta, kun samu wa'adi, kun samu wanda ke jiran ta. Sannan in abin ya faru, ba sai kun nuna hannu a baki ba. Murfin kwano ya faɗi ƙasa yana juyawa yana ƙara har ya tsaya. Suna ya fito.

Hajara Runjin Sambo:
Murfin kwano! Anti Luba wallahi kin kashe ni. Nasiru in ba ka ɗauka ba ni zan ɗauka.

Kabiru K.K.:
Watau dai a cire ni daga fim ɗin gaba ɗaya. Kwana biyu ina yawo da rigar nan, wuƙar ma ta mahauci ce na aro da jingina.

Sani Edita Gawon Nama:
Kabiru ba cire ka za a yi ba, ɓoye ka za a yi, kuma mugun da aka ɓoye ya fi wanda aka nuna tsada. Fim ɗin nan na kifin shak da Steven Spielberg ya yi a 1975, kifin roba da injin da suka ƙera ya yi ta lalacewa a cikin ruwa, dole ta sa suka rage nuna shi. A farkon fim ɗin ba ka ganin kifin sam, sai kiɗa da yarinya tana iyo. Abin da ya zo musu a matsayin matsala shi ya zama ƙarfin fim ɗin. Kai ma inuwarka a bangon zaure ta isa, ko ƙafarka kawai tana taka inda ta taka.

Ni bidiyon biki nake tacewa, ban yi karatun fim ba, amma ga abin da idona ya kama. A daƙiƙa ta 31 yarinyar tana tafiya daga hagu zuwa dama, Kabiru ma haka, yana bayanta. A ta 38 kun tsallaka ɗaya gefen lungun kuka ɗauke ta, sai ta koma tana tafiya daga dama zuwa hagu. Ga mai kallo, ta juyo ke nan tana nufar mai wuƙa. Shi ne ƙa'idar digiri 180: ka ja layi a ranka tsakanin mutum biyun, kyamara ta zauna gefe ɗaya na layin, kada ta tsallaka sai a gaban idon mai kallo. Ana karya ta da gangan in ana so a rikita mutum, amma naku bai yi kama da gangan ba.

Sai hasken da ke rawa a wajen shagon mai shayi. Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayarku kuma tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, shi ya sa fitilar ke ƙyafta ido. Ku sauko da manhajar kyamara da ke barin mutum ya zaɓa, ku sa 25. Kuma kada ku ɗauka cikin tsakar dare, waya ba ta iya duhu, hoton sai ya yi ta yashi-yashi kamar yadda naku ya yi. Ku ɗauka daidai bayan faɗuwar rana, sama tana da sauran shuɗi, fuska na fitowa. Ba ya daɗewa fa, minti ashirin ne ko ƙasa da haka, sai kun gama gwaji tun la'asar. Fitilar cajin kuma ku daina haska ta a fuska kai tsaye kamar 'yan sintiri sun kama ɓarawo. Ku ajiye ta gefe ɗaya, rabin fuska haske rabi duhu.

Karkata kyamarar nan kuma sau bakwai kuka yi. Sau ɗaya ake yi, lokacin da duniyar yarinyar ta karkace.

Kiɗan kuma na san inda kuka samo shi. In kun ɗora a YouTube za su kama shi.

Nasiru Mabera:
Yaya Sani duk na rubuta. Maganar kiɗa, ba mu da mai haɗa mana, shi ya sa.

Baba Ummaru Mai Kyamara:
Ba ku da mai kiɗi, cikin Sakkwato? Fim ɗin Hitchcock na 1960, wanda anka kashe mace cikin makewayi, kiɗan da yar razana duniya duk da kayan tsirkiya anka yi shi, dangin goge, babu ganga babu kakaki. Ku nemi mai goge ko mai kukuma, ku ce shi ja tsirkiya guda a hankali, kada shi yi waƙa, kada shi yi taushi. Ku aje waya kusa gare shi cikin ɗaki mai katihwa da labule. Ya wadatar.

Amma ni da za ku ji tawa, wurin zauren ga kada a sa kiɗi ko kaɗan. Janareta da yam mutu shi na kiɗinku. Kunnen mutum ya saba da ƙarar, bai san yana jin ta ba sai ta ɗauke. Ku ko janareta na mutuwa kunka cika wurin da bugun zuciya, kunka ɓata shirun da kunka samu.

Hajara Runjin Sambo:
Tunda Anti Luba ta kawo wa'adin isha'i, me zai hana a ji kiran salla daga nesa lokacin da take cikin zaure? Mai kallo ya san lokaci ya cika, a gida an fara duban hanya. Agogon Baba Ummaru ke nan na jikin bango.

Malam Attahiru:
Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar tun ɗazu ina ƙaruwa, amma a nan ina da magana. Kiran salla ba kayan ado ba ne da za a ɗora a fim don a tayar wa mutane da hankali. In an haɗa shi da goge a fitowa ɗaya, ko aka sa shi daidai lokacin da ake cutar da yarinya, mutanen garin nan ba za su kalli fasaharku ba, wannan kawai za su gani, kuma suna da gaskiya. Ku yara ne, kada aikin makaranta ya jawo muku abin da ba ku shirya masa ba.

Hajara Runjin Sambo:
Malam na karɓi gyara a kan haɗa shi da kiɗa, ban yi tunanin wannan ba. Amma fim ɗin da aka yi a Sakkwato a ce ba a jin kiran salla ko daga nesa, ai shi ne ƙarya. Da shi muke sanin lokaci.

Malam Attahiru:
Akwai hanyar nuna lokaci ba tare da shi ba. Mutane suna alwala a ƙofar gida lokacin da ta fita, lokacin da ta isa lungun ya zama wayam, sai butoci a jere. Duk wanda ya taso a nan ya san kowa yana masallaci, ba mai jin ihunta.

Anti Luba Marubuciya:
Malam ashe kai ma marubuci ne ka ɓoye. Wannan ya fi, don ya ba da lokaci kuma ya kwashe mutane daga lungu, aikin da aka sayi jarka shida domin shi.

Kabiru K.K.:
To in ba riga mai hula, me zan sa? Nasiru ya ce rawani in rufe fuska.

Malam Attahiru:
A'a. Rawani a garin Shehu na malamai ne da sarakuna, kuma akwai Buzaye da ke zaune da mu lafiya suna gadi suna kasuwanci. Kada ku koya wa mai kallo tsoron wani jinsi.

Bashar Kabu-kabu:
Ku sa mashi abin da kowa ka sawa cikin hunturu, hular sanyi da ƙyalle ga hanci. Mu 'yan kabu-kabu duk haka muke, ba mai kallonmu sau biyu. Mugun da yay yi kama da mugu ai tun daga nesa ake kauce mashi.

Hajara Runjin Sambo:
Shi ke nan. Kuma ga inda mussarka za ta iya samun magaji, Kabiru. Al'adar nan ta kautar da hankalin mai kallo, ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa. Ku bar mai kallo ya yi ta zargin wanda ke bayanta a lungu, ya zo ya wuce ta abinsa, har ya ce mata sannu. Mai kallo ya saki jiki, ta shiga zaure, ashe abin yana cikin gida tun kafin ta iso. Kun bi al'ada, kun kuma juya ta, ga abin rubutawa a shafi uku.

In kuna son misali na gida ku nemi October 1 na Kunle Afolayan, na 2014, wanda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri. Duk kayan aikin suna nan: kisan da ba a san mai yi ba, ɗan sanda baƙo a garin da ba a son gaya masa gaskiya, da wa'adi, dole ya gama bincike kafin ranar samun 'yancin kai a 1960. Amma ba wanda zai kalla ya ce Amurka aka kwaikwaya.

Murtala S/Birni:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba na dariya ba. Ni daga gabashin jihar nan nake, karatu ya kawo ni cikin gari. Na kalli bidiyon, mai wuƙa bai motsa ni ba ko kaɗan. Abin da ke tsayar mana da numfashi a wajenmu ƙarar babura ce da dare, ba ɗaya ba, da yawa, daga nesa, kana kwance kana lissafin ko nan suka nufo ko wucewa za su yi. Da karnuka su yi ta haushi sannan su yi tsit gaba ɗaya. Kuma abin nan da ake yi a finafinan waje, mutum ya ɗaga waya ba sabis, mu mun rayu a cikinsa. A 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan. Ka yi kwanaki ba ka san halin da mahaifiyarka ke ciki ba.

Ba cewa nake ku yi fim a kan wannan ba. Ni kaina ban san ko zan iya kallo ba. Ina dai gaya muku masu kallonku sun san tsoro na gaske, ba za ku ruɗe su da jan rubutu ba.

Baba Ummaru Mai Kyamara:
Allah shi kawo muna ƙarshen wanga bala'i, Murtala. Allah shi tsare iyayenmu da ag can.

Anti Luba Marubuciya:
Amin ya Allah. Nasiru, shawarata kada ku taɓa wannan a aikin minti biyu, ya fi ƙarfin minti biyu. Ku tsaya a zaurenku.

Nasiru Mabera:
Amin. Murtala na gode da ka faɗa, kuma ba za mu taɓa shi ba.

Mun yi magana da sauran 'yan rukuni yanzu. Ruwan sama ya fita, bugun zuciya ya fita, jan rubutu zai koma fari ƙarami a gefen allo yana fitowa a kan hoton lungu, don kada mu ɓata daƙiƙa 20 a kan baƙin allo. Kwanon tuwo ya shiga, butoci sun shiga, Kabiru zai wuce ta ya ce sannu. Zaure zai samu kusan minti ɗaya shi kaɗai. Abin da muka kasa daidaitawa shi ne ƙarshe. Ni ina son murfin kwano, Kabiru da Safiya suna cewa in ba a ga ko da hannu ba Malam zai ce ba mu nuna barazana ba.

Kabiru K.K.:
Kuma har yanzu ina kan bakana. Mu ba Hitchcock ba ne, in muka ɓoye komai za a ce ba mu iya ba ne.

Sani Edita Gawon Nama:
Ku ɗauki duka biyun, ai ba fim ɗin kaset ba ne da za ku ce zai ƙare. Ku kawo shago in haɗa muku kowanne, ku nuna wa mutum biyar da ba su san labarin ba, ku kalli fuskarsu kada ku kalli allo. Sautin murfin kuma kada ku dogara da wanda waya ta kama a wurin, za mu sake ɗaukarsa daban a kan siminti, da sawun takalminta duka. Ku taho da kwanon, na samira, ba roba ba.

Baba Ummaru Mai Kyamara:
Yaushe za ku koma lungun?

Nasiru Mabera:
Asabar in sha Allahu Baba, za mu taru bayan la'asar. In hazo ya yi mana kara.

Baba Ummaru Mai Kyamara:
Ina da tsohuwar ƙahwar kyamara mai ukku, ta hi hannunku tsayuwa. A aiko a ɗauka. Kuma ku gaya ma mutanen gidan ga su bar takalmansu inda suke.

Bashar Kabu-kabu:
Ni za ni ɗauko ta Baba, kyauta, in dai za a sa sunana cikin farin rubutun. Kabiru kai ko ka maida ma mahauci wuƙa tai tun bai riƙe jinginarka ba. Mussa hwa, an sallame ta ko tana nan?

Nasiru Mabera:
Mussar gidan ce, ba mu muka kawo ta ba. In ta ga dama ta sake dirowa ranar Asabar, sai dai Yaya Sani ya yanke ta.